Yara Huɗu, Ubanni Bakwai

Ni mutumin Bakori ne, kuma har na gama sakandare ba a taɓa kai ƙarata ko wurin mai unguwa ba. Rubutuna yana da kyau, shi ya sa na kafa tebur a bakin wani ofishin haraji a Funtua ina cike wa mutane fom.

A lokacin, ma'aikacin da ya nuna shi magidanci ne mai ciyar da yara ana rage masa harajin albashi, muddin ya kawo takardun haihuwarsu. Wata rana wani tuzuru mai aiki a kamfanin gurzar auduga ya sunkuyo ya ce, "Malam, ba yadda za a yi a samo mani 'ya'ya ko da biyu ne?" Na kore shi da dariya, amma maganar ta bi ni har gida.

Yayata, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ta ba ni ajiyar takardunsu saboda ni ne ɗan bokon gidan. Na yi kwafinsu, na goge sunan mamacin, na rubuta na tuzurun. Sunan uwa kuwa ban taɓa ba, ƙiwa ta hana ni. Wannan ya gaya wa wancan, kafin shekara biyu marayun nan sun yi ubanni bakwai.

Tun daga nan na daina yarda da kowa. Wanda ya tsawaita gaisuwa, in ce turo shi aka yi. Wanda ya wuce bai gaishe ni ba, in ce ya ji wani abu.

Da masu bincike suka zo, sunan da suka ga yana ta maimaituwa na yayata ne, don haka ita suka nema. A gaban mai unguwa da jama'a babban masu binciken ya ce, "Baiwar Allah, wai maza nawa kika aura?"

Ta ce, "Ɗaya, ranka ya daɗe, kuma yana kabari." Sai ta juyo ta dube ni.

Na yi wata goma sha takwas a gidan yari. Na fito na tarar maganar ba ta mutu ba. Mutanen Dandume da suka zo neman auren babbar 'yarta sun yi binciken asali, aka ce masu ai uban yarinyar ma sai da hukuma ta yi tambaya a kansa. Ba su dawo ba.

Na je wurin yayata na durƙusa ina kuka. Ta ce, "Na yafe maka, ƙanena. Amma ka bi gida-gida ka gaya masu gaskiya."

Ina nan ina bi. Ana saurarona, a gyaɗa kai, in na juya baya a ce nawa aka biya shi ya faɗi wannan kuma.

Samari, duk takardar da aka ba ku amana, mutuncin wani ne a ciki, kada ku taɓa ta. Ni na tuba, Allah shaida ne. Yarinyar tana gida har yau, kuma mutum ɗaya da zai iya wanke ta shi ne wanda ba mai gaskata shi a garin.