Tsatsar da Na Goge wa Habu

Da girbin geron bana shekara shida ke nan da Allah Ya karɓi ran ƙanena Habu. Mu biyar ne a ɗakin Inna, a wani ƙauye kusa da Minjibir, shi kaɗai ya yi zurfi a boko. Abin da yake bincike a jami'a kuwa, in aka faɗa maka sai ka yi dariya: tsatsa.

Shekarar da nake wankan jego a gida ya zo hutun Sallah da wasu 'yan fallayen ƙarfe jere a gwangwani. To, jajibirin Sallah wace mace ke barin ƙarfe da dauɗa? Na gama da tukwanen Inna, na shiga share masa ɗaki, na gan su jajawur. Na ce, "Oh, ɗan boko da ƙazanta!" Na samo toka da tsamiya na dirje su har suna ɗaukar ido.

Da ya dawo na miƙa masa ina jiran godiya. Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya shi.

"Yaya Hanne, wata biyar na yi ina renon tsatsar nan."

Ashe da gangan yake tsirar da ita, ita ce ke riƙe wutar lantarki. Ya ce batir randa ce, a cika a hankali, a sha a hankali. Nasa kuwa guga ne, ya cika nan take, ya juye nan take, sau dubu bai gaji ba. Kuma fallayen nan ne zai kai wa malamansa bayan Sallah, in babu su babu gamawa a shekarar. Rashin sani ya fi dare duhu. Na fashe da kuka.

"Yi shiru kada Baba ya ji. Ke dai ko a birni babu mai dirza irin taki."

Baba ya riga ya cika gari da cewa bana Habu zai gama. Habu ya je ya durƙusa ya ce sakacinsa ne. Ya sha faɗa ina bayan zana ina ji, ya kuma ƙara shekara guda cur.

Yau sola ta shigo har gonakin rani. Duk sanda maigidana ya fara mitar batirinsa ya daina riƙe wuta, nakan ce da Habu na nan da ya tara maƙwabta a gindin darbejiya yana musu bayanin guga.

Takardunsa ba na iya karanta su, an dai ce wasu masu bincike na ɗorawa a kai. Nawa rabon shi ne rufin asirin nan, don har ya koma ga Allah bai faɗa wa kowa ba. Bara Baba ma ya bi shi, yana ɗaukan ɗansa mai sakaci ne, ni kuma na kasa buɗe baki. Wanda ya rufa maka asiri bai cancanci ka bar masa tabo ba. Jama'a ku shaida, Habu bai taɓa sakaci ba, ni ce. Allah Ya rufa masa asiri ranar da babu zanar ɓuya.