Babu Akwatin Alhamdulillahi a Fom

Har gobe ban manta da wata Talata ta tsakiyar damina ba, ranar da na zauna da fom ashirin a gabana, ina karantawa ina jin kamar in ɗora hannu a ka in kurma ihu. Lokacin ina mataki na takwas a wani ofishi mai kula da walwalar jama'a a nan Kazaure. Tunda kun matsa sai na ba ku labari kafin in miƙa makullin durowata in yi ritaya, to ku gyara zama, musamman ku sababbin ɗauka da kuke ganin cika fom shi ne aikin.

Wata ƙungiya ce daga waje ta zo da aikin ƙidayar unguwannin da talauci ya yi wa katutu a cikin garuruwa. Fom iri ɗaya ne, an ce da shi ake aiki a ƙasashe da dama. Aka tara mu kwana biyu ana koya mana. Matar da ta zo koyarwar ta haska mana hotuna a bango: ga wata unguwa a Legas an kakkafa ɗakunan katako a kan ruwa, ga wata a Kenya duk kwano mai tsatsa, ga ta Indiya ko wurin shimfiɗa tabarma babu. Irin waɗannan unguwanni suna da suna guda a Turance. Mu kuwa muka kwashe rabin yini muna gardamar yadda za a kira su da Hausa. Wannan ya ce unguwar marasa galihu, wancan ya ce unguwar cunkoso. Sai shugaban sashenmu, Yallaɓai Nasiru, mai mataki na goma sha biyu, ya kashe maganar.

"Ku daina wahalar da kanku," in ji shi. "Abin da ya sa ba mu da sunan, ba mu da abin ne."

Aka yi dariya aka tashi. Ni dai ban yi ba.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Tambaya biyar ce ga kowane gida. Akwai ruwan sha mai tsabta a kusa? Akwai masai? Ginin mai ƙwari ne? Wurin kwana ya wadatar, wato ba a wuce mutum uku a ɗaki? Mazauna gidan suna da tabbacin ba za a tashe su ba? Kowace tambaya akwati biyu ne a gabanta, na eh da na a'a. Gidan da ya samu a'a ko da guda ɗaya, ya shiga cikin masu buƙata. A kowace unguwa an zaɓi gida ashirin, kuma dole maigida ya sa hannu a ƙasan fom. Unguwar da fiye da rabin gidajenta suka shiga, za a gina mata magudanar ruwa a haƙa mata rijiyar burtsatse. Ranar Juma'a da hantsi za a miƙa komai.

Fom ɗin da ke gabana na wata unguwa ne da muke kira Gangare. A gindin dutse take, yawancin mutanenta daga ƙauyukan Roni da Gwiwa suka taso suka yi ɗan gini inda suka samu. Idan aka yi ruwa, duk abin da dutsen ya tara ta cikin gidajensu yake bi. Na san wannan don gwaggona a can ta zauna har ta rasu, kuma na sha tattare zane ina tsallake kwata in je gaishe ta. Amma ga fom ashirin, duk eh ne daga sama har ƙasa. In ka bi takarda, mutanen Gangare sun fi ni jin daɗi.

Na kira Sabo, abokin aikinmu da ya cika su.

"Sabo, a ina ka cika waɗannan?"

"A unguwar mana, Malama Rabi."

"A cikin gidajen?"

"Haba Malama! Gidan matan aure? Ai ba a shiga. A ƙofar gida na yi sallama, masu gidan suka fito."

"Me ka tambaye su?"

"Na ce ya ruwan sha, suka ce Alhamdulillahi. Na ce ya wurin kewayawa, suka ce Alhamdulillahi."

"Sai ka yi me?"

"Sai na cika eh."

Innalillahi! Na ce, "Sabo, kai ɗan ina ne? Ranar da aka kwantar da kai a asibiti ƙafarka a karye, na zo na ce ya jiki, me ka ce min?"

Ya sosa ƙeya. "Da sauƙi na ce."

"To da sai in rubuta a sallame ka ke nan?"

Ya ce ai gini dai da idonsa ya gani, duk siminti ne. Wannan ma ya ƙara ƙona min rai. Wa bai sani ba cewa a garin nan, in mutum ya samu buhun siminti ɗaya, fuskar gida yake fara shafewa? Ciki kuwa ƙasa ce, tana narkewa kamar sabulu a ruwa. Rufin asiri ne, ba yaudara ba, kuma Sabo ma haka gidansa yake.

Na kwashi fom na shiga wurin Yallaɓai Nasiru. Na ce, "Ranka ya daɗe, aikin Gangare sai an sake."

Ya sha kunu. "Mutanen nan da bakinsu suka ce lafiya lau suke. Ke kike so ki ƙaƙaba musu talauci? So kike a lissafa garinmu da waɗancan na hoto?"

"Ranka ya daɗe, ba ni na ƙaƙaba musu ba. Ruwa ne yake shiga ɗakunansu."

"To je ki, in kin iya. Amma Juma'a Juma'a ce, ba zan jira kowa ba."

Ku riƙe wannan "je ki" ɗin, za mu dawo kansa.

Laraba da sassafe na hau acaɓa na nufi Gangare da sababbin fom. Ni mace ce, ba mai hana ni shiga. Kuma na bar tambayar "kuna da kaza?" kwata-kwata, don na san amsar. Sai in zauna a kan turmi in ce, "Ruwan nan mai sanyi, daga ina aka ɗebo?" Sai a ce daga wata rijiya can bayan kasuwa, yara kan tafi tun asuba. In ce, "Ruwan saman shekaranjiya, ina kuka sa kayanku?" Sai a nuna min igiyar da aka rataye katifa. In ce a nuna min wurin kewayawa, sai wata ta ce, "Na maƙwabta muke shiga, namu ya rufta." Duk wannan bayan an gama ce min Alhamdulillahi a wurin gaisuwa. Sai na jira masu gida su dawo daga kasuwa ko gona, in yi ta lallashi har su sa hannu.

Zuwa azahar ɗin Alhamis ga inda na tsaya. Gida biyar lafiyarsu ƙalau da gaske, ban taɓa fom ɗinsu ba. Magidanta huɗu sun ce sun riga sun ba da amsa, ba sa magana biyu. Goma sun shiga. Goma rabi ne, mu kuwa fiye da rabi ake nema. Saura gida ɗaya, gidan Baffa Buba.

Baffa Buba tsohon makiyayi ne daga wajen Roni. Shanunsa suka ƙare, ya shigo gari da iyalinsa, yana tufka igiya yana kaiwa kasuwa. Dogo ne siriri, rigarsa ɗaya tal da na taɓa gani, amma kullum a wanke. Tun Laraba na je gidan, matarsa Inna Hure ta tare ni a zaure da kwanon ruwa ta ce, "Ki yi haƙuri 'yata, Malam ya ce kada mai takarda ta wuce nan."

Ranar Alhamis na same shi a zauren yana tufka. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani tun daga farko. Ya saurara har na gama, hannunsa bai tsaya ba.

"Na riga na faɗa wa wancan malamin," ya ce. "Alhamdulillahi."

"Baffa, babu akwatin Alhamdulillahi a fom ɗin nan. Eh ne ko a'a."

"To wanda ya yi takardar ne bai gama aikinsa ba."

Wallahi na ji haushi. Kwana biyu ina yawo cikin taɓo, takalmina ya tsinke, ga tsoho yana min falsafa. Na ce, "Baffa, don girman Allah, daga nan ina hango zana a inda bango ya kamata ya kasance!"

Sai ya ajiye igiyar. "'Yata, na rasa shanuna ban roƙi kowa ba. Na binne 'ya'ya biyu a garin nan ban tsaya a ƙofar kowa ba. Yanzu kina so in buɗe bakina in ce Buba ba shi da wurin kewayawa, a rubuta, a kai wa mutanen wata ƙasa su karanta? Abin da ya rage min ke nan, shi kike so in ba ki?"

Duk da haka ban tashi ba. Na ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne. Amma yoyon nan ba ɗakinka kaɗai yake ci ba. Magidanta goma sun haɗiye kunya sun sa hannu. In ba a samu na sha ɗaya ba, sun tona asirinsu a banza, ruwa kuma zai ci gaba da bi ta kan 'ya'yansu. Gobe da hantsi za a rufe."

Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka. Muna nan zaune har aka kira la'asar. Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ɗauki buta. Na ce shi ke nan, aikin kwana biyu ya zama aikin baban giwa. Har ya kai ƙofa sai ya juyo.

"Kawo alƙalamin."

Ya karɓi fom ɗin, ba a cika ko akwati ɗaya ba, ya ɗora a cinyarsa ya rubuta sunansa da ajami a ƙasa, a hankali, harafi bayan harafi. Ya miƙo min.

"Ni ban ce ba ni da komai ba," ya ce. "Masallaci zan tafi, kuma gidan nan ba shi da ƙyaure. Abin da idonki ya gani, idonki ne ya gani. Abin da kika rubuta a saman sunana, tsakaninki da Allah."

Ya fita bai waiwayo ba.

Na shiga. Ɗaki biyu ne, ɗaya bangon bayansa ya faɗi an kare da zana, mutum tara sun koma cikin ɗayan. Shatin ruwa a jikin bango ya kai gwiwata. Inda masai yake, rami ne kawai an ɗora ƙaya a kai don kada yara su faɗa. Inna Hure tana tsaye tana kallon ƙasa. Ban tambaye ta komai ba. Na cika a'a guda huɗu, kuma ban ƙara ko ɗigo a kan abin da na gani ba. Kafin a sallame salla na bar gidan, don kada ya dawo ya same ni.

Juma'a na miƙa fom ashirin, sha ɗaya a cikinsu na masu buƙata ne. Gangare ta shiga. Da rani aka gina magudanar, aka haƙa rijiyar a bakin masallaci.

Ni fa? To, ashe Yallaɓai Nasiru ya riga ya gaya wa na sama da shi cewa babu irin wannan unguwa a garin. Da aka tambaye shi yadda aka yi, sai ga takardar tuhuma a kan teburina, wai na sake fom ba da izini ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ce je ki!" Ya ce, "A rubuce?" Kai jama'a! Shi ma asirinsa yake rufewa, sai dai nasa da bayana ya rufe shi. Wata bai cika ba aka mai da ni Gwiwa, kullum in fita da sassafe in dawo da magariba, shekara uku cur.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne wannan. Talaucin wasu ƙasashe a bakin titi yake, mai hoto ma zai gan shi. Namu a bayan zaure yake, an shafe masa fuska da siminti. Kada ka tambayi mutumin nan abin da ya rasa, ba zai faɗa ba ko da wuƙa a wuyansa. Tambaye shi abin da ya yi jiya. Kuma in ya sa maka hannu, ka sani ba tawada ya ba ka ba.

Wata ranar kasuwa a shekarar farko ta Gwiwa, na sauko daga mota a gajiye, ƙafata a kumbure, sai na ci karo da Baffa Buba da igiyoyinsa a kafaɗa. Tun ranar nan ba mu sake haɗuwa ba. Na gaishe shi, ya amsa, bai ambaci magudana ba, ban ambata ba.

Sai ya ce, "An ce saboda mu aka kai ki Gwiwa. Ya wurin aikin?"

Na ce, "Alhamdulillahi, Baffa."

Ya dube ni, ya dubi ƙafata, ya gyara igiyar a kafaɗarsa.

"To 'yata," ya ce, "wannan a wane akwati za a sa shi?"