Faifan Sola Huɗu a Saman Ɗakinmu

Shekara shida ke nan da muka binne Ɗanlami mai gyaran wuta, aminina kuma maƙwabcina a Hindawiyya, unguwarmu a nan ƙasa mai tsarki. Ni direban tasi ne, baki ya fi min hannu aiki, shi kuwa sai ya wuni bai yi jimla goma ba. A haka muka zauna gida ɗaya, shi a ƙasa, ni a sama.

A wani tsibiri na Tafkin Chadi aka haife shi, cikin masunta Hausawa. Yayarsa Hajara ce ungozomar tsibirin. Ya sha gaya min cewa idan naƙuda ta zo bayan rana ta faɗi, tocila take cizawa a baki don hannayenta su samu sakewa. Wannan tocilar ce ta hana shi sukuni. Mutum yana zaune a garin da fitilun Harami ke mai da dare rana, amma hankalinsa yana kan batir biyu da ke tsakanin haƙoran yayarsa.

Sai ya sayi faifan sola huɗu, ƙanana, kowanne bai wuce faranti babba ba. Da gangan ya zaɓi ƙananan, don su shiga jakar alhaji. Ya haɗa wayoyi da ƙwayayen fitila a buhu, ya ce batir a can bakin tafki za a saya. Dabararsa ita ce irin wadda kowa ke yi a nan: in alhazan yankinku sun zo, ka ba kowane ɗaya saƙo ya kai gida. Na riƙa tsokanarsa, ina ce masa ministan wutar masu kifi. Murmushi kawai yake yi. Saura wata biyu aikin Hajji ciwon ciki ya kwantar da shi, bai tashi ba.

A zaman makoki mun yi magana mai daɗi. Mu shida ne abokansa, ni na fi kowa ɗaga murya, muka ce wannan aiki ya zama namu. Aka hau da faifan saman ɗaki don kada yara su fasa.

Shekarar farko alhazan suka ce jakunkunansu sun cika da tsaraba, mu ma ba mu matsa ba. Ta biyu aka ce hanyar tafki babu lafiya, kuma gaskiya ne, sai dai mun karɓi uzurin da saurin da har yanzu yake ba ni kunya. Daga nan kowa ya shiga sabgar sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, da neman na cefane. Wata rana zafi ya dami tantabarun wani maƙwabcinmu, wani ya jera faifan a kan akurkinsu. Abin da aka yi don shan rana ya koma yi wa tsuntsaye inuwa, kuma kullum ina wucewa ta gabansu in na hau duba tankin ruwa.

Da Ɗanlami zai leƙo yau, zai ga sola ta zama ruwan dare. Alhazai na cajin waya da ita a Mina, ana sayar da fitilunta a kowane lungu. Zai yi murna, na sani. Abin da ban sani ba shi ne inda zan sa fuskata in ya tambayi nasa.

Bai tambaya ba, yayarsa ce ta zo. Bana Allah ya kira Hajara aikin Hajji, ta sauka wajenmu kwana biyu kafin jirginsu ya tashi. Tsohuwa ce siririya, haƙorinta na gaba guda ya gutsure. Ban tambayi dalili ba. Da hantsi ta hau sama shanya, na bi ta da bokiti, ina addu'ar idonta ya tsallake akurkin. Ta tsaya a gabansa, ta sa gefen mayafinta ta goge kashin tantabaru daga faifai ɗaya.

"Malam Iliya, su ne waɗannan?"

"Su ne, Yaya."

"Ya ce min suna hanya. Ni na ɗauka a ruwa suka nutse, har na yi ta tausayin wanda ya ɗauko."

Da ta zage ni da na samu sauƙi. Sauka ta yi ta zazzage jakarta a tsakar ɗaki: dabino, tasbahohi, dogayen riguna na jikoki, turare. Ta naɗe faifan huɗu da zannuwanta, ta cusa buhun wayoyin a gefe. Matata ta ce, "Hajiya, za ki koma gida ba tsaraba?" Ta ce akwai mata uku da ta baro da tsohon ciki, su ba dabino suke jira ba.

Ni na kai ta wajen motarsu, ban karya kwana ko ɗaya da sauri ba saboda jakar. Bayan sati uku ta aiko da saƙon murya: an haɗa fitilun, an haifi mace, kuma a karon farko ta iya yi wa mai naƙuda magana tana aiki.

Abin da ya rage na Ɗanlami ke nan, fitila a ɗakin haihuwa da bakin yayarsa da ya samu 'yanci. Namu rabon kuwa yana kan kabad. Dabinon da ta bari yana nan a ledarsa, har yau babu wanda ya iya kai hannu.