Shatin Haƙoran Auta a Hannuna

Shekara shida ke nan da aka kashe mijina a gonarsa, da fartanya a hannunsa, kuma har yau Allah bai gaya mini dalili ba. Na tambaya a tsaye, na tambaya a durƙushe. Wanda zai ce na yi saɓo ya ajiye jaridar nan tun yanzu, don ba zan janye ba.

Yana raye ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai in ce Malam. Yau da hannuna ya iya alƙalami zan rubuta shi: Ishaya. Manomi ne a wani ɗan ƙauye yamma da Zakka, shi ne kuma yake ja mana sujada ranar Lahadi, mu 'yan gidajen Kirista da ke wurin. Mahara suka same shi yana noman fari, suka ce ya nuna inda shanun noma suke. Ba mu da shanu. Shi ke nan labarin. Maƙwabcinmu Malam Sale mahauci ne ya ɗauko shi a amalanke, Musulmin garin kuma suka haƙa masa kabari, suna tambayata ta ina za a sa kansa. Shi kansa Malam Sale, damina ba ta ƙare ba sai da aka ɗauke masa 'ya. Ba mu kaɗai ba ne, ban kuma ce mu kaɗai ba ne.

Masu gaisuwa sun cika mini kunne. Wani fasto da ya zo daga nesa ya ce Allah yana gwada wanda yake ƙauna. Wata ta ce wuta ce take tace zinariya. Na ce mata, "Yaya, ni ba zinariya ba ce, mace ce mai 'ya'ya biyar da rumbu ba kowa a bakinsa." Da muka yi gudun hijira zuwa Safana, ina da shekara arba'in da ɗoriya, na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ba don neman aiki ba. So nake in karanta da idona, ko akwai wani wuri da masu wa'azi suke tsallakewa. Na karanta, ina bin baƙi da yatsa kamar mai tsintar wake. Abin da na samu shi ne mutanen Allah da yawa sun yi masa irin ihun da nake yi, bai kore su ba. Amma dalili? Ban gani ba.

Mijina Malam ma bai taɓa cewa ya san dalili ba. Abu guda yake da shi, kuma a jikina ya same shi.

Autanmu yana ɗan shekara huɗu cinyarsa ta kumbura, ta yi ruwa, yaro ba barci ba ci. Aka kira wanzami ya yi masa sakiya, wato a gasa kibiya a wuta a huda kumburin. Wanzamin ya ce, "Uwar yaro, ke za ki riƙe shi, in ya motsa na ɓata masa jijiya." Na zauna na matse ƙafafunsa da cinyoyina, na rungume ƙirjinsa. Da ƙarfen ya taɓa shi, bai dubi wanzami ba. Ni ya duba. Ya dasa haƙora a damtsena har sai da jini ya fito, yana ihu, "Inna, sake ni! Ba na son ki!" Ban sake ba. Shatin yana nan, rabin da'ira, kamar an dangwala bakin ludayi.

Ranar Lahadin da ta biyo baya Malam ya sa na ɗaga hannu a gaban jama'a, ina jin kunya kamar in nutse. Ya ce, "Yaro bai san abin da ake yi masa ba, sai dai ya san wa ke riƙe da shi, shi ya sa ita ya ciza. Ku ciji Allah in abin ya yi zafi, ba zai sake ku ba. Shi ma yana da tabo a hannu, tun daga kan gicciye."

Da Malam yana nan yau, da na tsare shi a bakin ƙofa da tambaya. Malam, sakiya tana fitar da mugunya, yaro ya tashi ya yi gudu. Taka mutuwar me ta fitar? Gonarka ta zama daji. Hanyar Batsari sai an yi addu'a ake hawa. Matan da muke kiɗan tulu tare a zumuntar mata sun watse, wata tana wanke-wanke a birni, wata ba a san inda take ba. Ni da na riƙe yaro na san lokacin da wanzami zai cire ƙarfe. Wannan ƙarfen shekara shida yana ciki. Me za ka ce? Na san ka. Za ka sosa gemu ka ce, "Ban sani ba, uwar Auta. Amma kin ji an sake ki?" Abin da ke ba ni haushi ke nan, don ba zan iya rantsewa an sake ni ba. Na wayi gari ba ƙwayar hatsi, matar Malam Sale ta turo ƙwarya. Wata Bafillatana mai tallar nono, Inna Hari, da ta yi kuka a zaman makokinka, har Safana ta biyo ni da man shanu a ɗan ƙoƙo.

To, Auta ya girma, yana acaɓa. Makon jiya, da la'asar, na ga yana tura wani abu dogo a ƙarƙashin tabarma. Na yaye: bindiga ƙirar maƙera. Ya ce shi da wasu samari za su fita da asuba zuwa wata ruga da aka ce can masu kisan suke kwana.

Na ce, "Wa ya ce?"

"An ce."

"Ka ga fuskar wanda ya harbi ubanka?"

"Inna, duk ɗaya ne."

"Har da Inna Hari, da ka lashe man shanunta?"

Ya kau da kai. Ya ce, "Shekara shida kina tambayar Allah, ya amsa miki? Baba ya yi ta wa'azi, ina Allah yake ranar nan? In shi ba zai yi ba, ni zan yi."

Maganata ce ya mayar mini, tun yana yaro yake ji ina yin ta a bakin murhu. Na san in ya tafi, ko dai a kawo mini shi a amalanke, ko ya dawo da jinin ɗan wata a hannunsa, wata uwa ta fara irin tambayata. Ko wanne ne, na rasa shi.

Malam bai bar mana gona mai shiguwa ba, bai bar mana dalili ba. Abin da ya rage nasa shi ne wannan magana guda: mai ƙauna yana riƙewa, ko ana cizonsa.

Da asuba, ladan bai gama kiran salla ba na ji Auta yana turo babur. Na riga shi zaure. Na zauna a ƙasa a bakin ƙofa, na kama ƙafarsa da hannu biyu, na matse ta a ƙirjina. Ƙato ne yanzu, da ya so da ya yi jifa da ni. Abokansa suna ta hon a waje.

"Inna, sake ni."

Na miƙa masa damtsena, wurin shatin. Na ce, "Ga shi nan, ka san wurin. Ciji. Wancan karon ma ban sake ba."