Ranar da Zacharia Ya Ɗaga Sandar Gidan Tumba

Ƙanena Zacharia tela ne a Mubi, shekara ashirin da ɗaya yana taka keke a shago ɗaya, kuma ban taɓa ganin matsoraci irinsa ba. Ni addarsa Margret da na goya shi nake faɗa. Ko a coci bencin baya yake zama. In aka ce baƙi daga ƙauye su tashi a gaishe su, sai ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura.

Dalili kuwa, mu 'ya'yan maƙera ne. A wajen mutanenmu na kan dutse, maƙeri shi ke binne gawa, shi ke taɓa abin da ba a taɓawa, ba a cin kwano ɗaya da shi, kuma ba ya aure sai a cikin danginsa. Da babanmu ya rasu muka sauko gari muka ja bakinmu muka yi gum. Zacharia ya auri Dibora, 'yar manoma daga wajen Vimtim, suka haifi yara huɗu. Ba ta sani ba. Fasto kan ce duk ɗaya muke a gaban Allah, kowa ya ce amin, amma je ka nemi auren 'yar wani ka gani.

Ana nan sai jikokin Sarki Tumba, wanda ya taɓa mulkin wani dutse can baya, suka gina ginshiƙin tunawa da gidansu a mararrabar unguwarmu, daidai gaban shagon. Na siminti ne. An zana kan dawa a jikinsa, wai gidansu ne ya ciyar da jama'a a shekarar fara, ga sunayen sarakunansu bakwai a jere. Can sama suka kafa sandar mulki ta ƙarfe, doguwa mai zobba, wadda suka sauko da ita daga dutse. Kowa ya san wanda ba maƙeri ba, in ya taɓa ta, ba zai ga girbi ba. Ranar kafa ta an ɗauko maƙeri daga ƙauye. Zacharia ya kwanta zazzaɓin ƙarya kwana uku, don kar mutumin ya gane kamannin babanmu a fuskarsa. Da ya tashi ya juya kekensa yana kallon bango.

Daminar bara, da azahar, iska ta taso da ruwa. Kan ginshiƙin ya tsage, sandar ta faɗo da dunƙulen siminti a gindinta, ta danne ƙafar Roda mai gasa masara. Ihun matar nan har yau yana kunnena. Jama'a suka zagaye ta, ba mai matsawa. Wani baƙo direban keke napep ya nufe ta, aka riƙe shi ta baya. Baba Edwin, babban gidan Tumba, ya ce an aika a ɗauko maƙeri, a yi haƙuri. Haƙuri fa! Jini yana bin ruwan sama zuwa kwata.

Ina tsaye da Dibora ƙarƙashin rumfar shagon, sai ga Zacharia ya fito. Na cafke rigarsa.

"Zacharia, koma ciki. Don Allah koma."

"Adda, mutuwa za ta yi."

Na raɗa masa, "To ɗaga kawai, kar ka ce komai."

Da ya ɗaga kawai, da an ce tela ya yi ganganci, a yi masa addu'a a watse. Amma ƙanena ya fi tsoron ƙarfen nan a kan mutane. Ya cire takalmi. Ya tofa yawu a tafin hannunsa sau uku, ya durƙusa, ya gaida sandar da kalmomin da babanmu ke faɗa, a fili. Wayyo ni! Ya kama sandar ya ɗaga, aka janye Roda.

Tsofaffi ne suka fara ja da baya.

Baba Edwin ya ce, "Ashe muna da maƙeri a unguwa. Ɗan wane gida ne kai?"

Zacharia ya sunkuya ya ɗauki takalminsa. Ni kuwa na kasa kallon Dibora.

Roda ta rayu, sai ɗingishi. Da yammar ranar na bi su gida, ina jiran ihu ko haɗa kaya. Dibora ta wuce madafa. Ta tuƙa tuwo, ta zuba nata da na yara. Sannan ta zagaya bayan ɗaki ta ɗauko tsofaffin kwanoni biyu, ta wanke, ta zuba mana ni da Zacharia, ta ajiye a bakin ƙofa. Shekara goma sha tara ita da mijinta suna cin kwano ɗaya.

Autarsu Eva ta tashi za ta wajen babanta. Dibora ta miƙa hannu za ta riƙe ta, sai hannun ya tsaya, don ta tuna jinin wa ke jikin yarinyar. Eva ta wuce ta zauna a bakin ƙofa tare da mu.