Yaya Mai Hoto da Kujerar Masu Shayarwa

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayiya, wadda aka fi sani da Yaya Mai Hoto, a shekarar 1962, a wani ƙaramin gari da ke bakin hanyar jirgin ƙasa. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, mahaifiyarta kuwa tela. Su biyu kaɗai Allah Ya raya wa iyayen, ita da ƙanwarta Auta. Bayan sakandare ta yi karatun ɗaukar hoton cikin jiki, ta kama aiki a babban asibiti a 1986.

Aure da Jarrabawa

Ta auri wani malamin makaranta a 1988, suka haifi 'ya'ya uku. A 1995 Auta, tana goyon 'yarta ta fari, ta ji wani ƙullutu a mamanta. Marigayiya ta yi juyin duniya ƙanwar ta zo a duba ta, amma Auta ta ji a gari cewa hasken na'ura yana lalata ruwan nono. Ta ce, "Yaya, bari in yaye ta, ni zan kawo kaina." Ta cika alkawari, amma ciwon daji ya riga ya yi nisa. Auta ta rasu a 1997, yayarta ta ɗauki yarinyar ta riƙe.

Aikinta

Tun daga lokacin ta ajiye kujera da labule a ƙofar ɗakin hoto. Duk mai goyon da ta zo a tsorace, takan ce mata, "Zauna ki shayar da shi tukuna, hoton ya fi fitowa. Hasken ba ya zama a cikin nono, kina fita ki ci gaba da ba shi." Mata da dama an gano ciwonsu da wuri ta dalilinta. Abokan aikinta sun shaida cewa idan marar lafiya ta yi kama da Auta, sai ta raka ta har bakin titi, ta daɗe a tsaye.

Ƙarshen Rayuwa

Ta yi ritaya a 2021. A shekarunta na ƙarshe takan kira 'yar riƙonta da sunan uwarta, ba wanda yake gyara mata. Allah Ya yi mata rasuwa a 2023 bayan gajeriyar jinya, aka yi mata sutura a maƙabartar da ƙanwarta take. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: injiniya, malamar makaranta, ɗan kasuwa, da ungozoma 'yar Auta, wadda marigayiya ba ta taɓa yarda a lissafa ta daban ba. Allah Ya jiƙan ta.