Katin Hoton da Mama Ta Auno da Tsinke

A gidanmu ba a taɓa sayen takalmi da lamba ba. Idan Kirsimeti ta matso, Mama za ta zaro tsinke daga tsintsiya, ta sa kowa ya taka ƙasa, ta auna daga dunduniya zuwa babban yatsa, ta karya. Sai ta ɗaure tsinkayen a bakin zane ta nufi kasuwa. A can kuma ba ta sayen daidai da tsinken. Sai ta ƙara faɗin yatsa guda, wai yaro ya girma a ciki. Haka muka tashi muna tafiya kamar agwagi, da takarda cushe a gaban takalmi.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in, ina buga wa mutane takardu a wani shago kusa da tashar jirgi a Kafanchan, ciwon wasan kwamfuta ya kama ni. Ni da abokina, ɗan wani Alhaji mai sayar da rediyo a kasuwa, muka ƙudura sai mun haɗa tamu da hannunmu. Guntu-guntu muka tara ta: akwati daga Kaduna, babban allon ciki daga Jos, monita ta hannu mai tabon ƙuna a gefe. Abu ɗaya ya rage, katin hoto, wanda shi ke zana duk abin da ido zai gani. In babu shi, abin da muka tara akwati ne mai fanka kawai.

Wayyo, gardamar da muka sha a kan katin nan! Muna da wata tsohuwar mujallar Turanci da bangonta ya cire, mun kalli hotunan cikinta har sun yi maiƙo. Shi yana son mai ƙaramar fanka a jiki, wai ya fi kama da abin arziki. Ni ina son mai yawan memori, ko da yake da za ka tsare ni ka ce in faɗi aikin memori, sai dai in yi maka tari. Mun yi fushi, mun shirya, mun sake yin fushi, duk a kan abin da ɗayanmu bai taɓa riƙewa ba. Wuri ɗaya bakinmu ya zo ɗaya. A jikin allon akwai gajeren rami ruwan ƙasa, a ƙarƙashinsa kuma dogayen ramuka farare. Mujalla ta ce ruwan ƙasan shi ne sabon yayi, na masu wasa. Fararen kuwa ko kallon arziki ba mu yi musu ba, mun ɗauka na tarkace ne.

Kati sai Legas, kuma mutum ɗaya muka sani mai zuwa Legas: Mama, sau ɗaya a shekara, in ta bi motar busasshiyar citta daga Fadan Kagoma. Idan ta sayo wanda bai shiga ba, babu mayarwa. Guminmu ya tafi ke nan, sai kuma wata kakar citta.

Na zaunar da ita ina koya mata sunan ramin da Turanci. Ta saurare ni kamar mai jin wa'azi, sannan ta ce, "Kai, bar wannan surutu. Kawo tsinke."

Na so in yi musu, amma sai na ga ai gaskiya ne, tsinke ba ya mantuwa a hanya. Na auna ramin ruwan ƙasa a hankali, na karya, ta ɗaure a bakin zane. Abin da na manta shi ne halin wadda nake aika.

Ranar da ta dawo, da rana tsaka, na baro shago a guje ko rufewa ban yi ba. Kwalin katin kaɗai ya isa ya sa mutum rawa: ga wani dodo na ƙarfe yana aman wuta. Abokina ya rungume ni, na rungume kwalin, muka zagaya tsakar gida muna ihu har kajin maƙwabta suka watse. Mama tana zaune a kan buhu, tana fifita da gefen zane, tana ba da labari.

"Yaron shagon ya kawo mini wani, daidai da tsinke cif. Na ce, kai, kana so ya matse shi kafin Ista? Ya ce wai inji ba ya girma. Na ce, kai ne ka haife shi? Sai da na sa ya sauko da kaya duka, na samu mai ƙarin yatsa ɗaya."

Nan take na zaro katin daga kwalin. Na buɗe akwatin, na ɗora bakin katin a kan ramin ruwan ƙasa. Ya zarce da faɗin yatsa guda, ba ƙari ba ragi. Na juya shi, na karkata shi, na hura ramin kamar hurawa za ta ƙara masa tsawo. Gaskiya na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi kuka. Abokina, don tsabar ruɗewa, har ya ce akwai ƙaramin zarto a shagon babansa.

Mama ta taso ta leƙa ta kan kafaɗata. Ba ta ga abin tashin hankali ba ko kaɗan.

"Ya yi masa yawa? To a ba yayansa mana." Ta nuna fararen ramukan da haɓa. "Ga su nan dogaye, suna zaune babu takalmi."

Haka dokar take a gidanmu: takalmin da ya fi ƙarfin ƙane, na yaya ne. Ba ta san komai a kan kwamfuta ba, mu ma da muke taƙama ashe haka. Don dai kada a ce ban gwada ba, na sauko da katin kan farin rami, na danna. Ƙas! Ya zauna kamar a nan aka haife shi.

Babu wuta, sai da muka ɗauko janareton Alhaji a baro. Da monita ta kawo haske, na sa faifan da ke cikin kwalin, sannan na ɗora wasan tseren mota. Jama'a! Kwalta tana sheƙi, hayaƙi na tashi daga taya, motar tana gudu sumul babu tsalle-tsalle. Abokina ya cire hula ya jefa kan rufi. Ni kuwa sai kabbara nake taya shi, shi yana taya ni Halleluya, babu wanda ya lura. Sau uku na kai motar cikin rami don tsabar murna.

Mama ba ta kalli motar ba. Sai da muka kashe injin, ta sa babban yatsanta ta danna ƙarshen katin a hankali, yadda take danna gaban sabon takalmi ta ji ko akwai wuri.

"Zai kai shekara biyu," in ji ta.

Daga baya na gane cewa na ramin ruwan ƙasa ya ɗan fi sauri. Ban taɓa gaya mata ba.

Da yamma na gan ta a ɗaki da tsohon gwangwanin madara, inda take tara tsinkayenmu tun muna rarrafe, na kowa ɗaure da zarensa. Ta kwance bakin zane ta ciro ɗan gajeren da ya je Legas ya dawo. Na ce mata ta yar, ai ya gama aikinsa.

Ta harare ni, ta nemi jan zare ta ɗaure shi, ta sa shi kusa da nawa.

"A yar? Wannan na auta ne."